Kwali Ya Zo, Kwali Ya Koma

Ni ban ce a kawo mini kwali ba. Wannan nake so a fara sani, domin daga baya har cewa aka yi a benenmu wai Afaf matar marigayi Midhat ta zare, tana sayen kayan 'yan mata ta waya. Aikin Nirmin ne, 'yata tilo, wadda ke aiki a Dubai tana ganin babu abin da waya ba ta gyarawa a duniyar nan.

Wata Asabar da hantsi aka buga ƙofa. Na buɗe na tarar da wani magidanci da hular babur a ka, yana haki kamar zai shiɗe, don a hawa na biyar nake, lif ɗin gidan kuwa ya riga mijina mutuwa. Ya miƙo mini kwali mai ɗaurin ƙyalle, ya ce zai dawo Laraba ya ɗauka. Na ce ya ɗauki me? Ya ce shi dai haka aka rubuta masa. Ban rufe ƙofa ba waya ta yi ƙara.

"Mama, ya iso?" in ji Nirmin. "Duk wata za a kawo miki kala biyar. Ki gwada a ɗakinki, wanda ya yi miki ki riƙe, sauran ki mayar cikin kwalin a zo a ɗauka. Akwai wadda aikinta ke nan, ita za ta riƙa zaɓa miki."

"Makauniya na zama?"

"Mama, saura wata huɗu bikina."

Nan ta taɓo inda ke yi mini ciwo.

Shekara uku da wata biyu ke nan ina cikin baƙin kaya. Takaba ta addini na gama ta tun tuni, babu malamin da ya ce in ƙara ko kwana ɗaya. Amma dangin Midhat mutanen wani ƙauye ne a Suhaj, kuma ko sun shekara hamsin a Alƙahira ƙauyen na nan ɗaure a ƙugunsu. A wurinsu mace ba ta cire baƙi da hannunta. Sai babba daga gidan mamacin ta zo da yadi mai launi, ta ɗora miki a kafaɗa, ta ce ya isa. In kika cire da kanki, kin shaida wa duniya cewa dama jira kike ya mutu. In kika roƙa a zo a cire miki, duk ɗaya ne. Ni ba 'yar Suhaj ba ce, amma shekara talatin na yi a cikinsu, kuma wallahi ba zan bari a ce na gaji da Midhat ba.

Babbar da ta rage musu ɗaya ce, Abla Rauhiyya, yayarsa, wadda ta goya shi. Tana Shubra, tafiyar minti ashirin a jirgin ƙasa. Ba wai ba ta zuwa ba. Duk sallah tana zuwa mu je kabari tare, ta riƙo mini cuku da gurasar ƙauye. Kowane zuwa sai na saci kallon jakarta. Kowane zuwa cuku ne da gurasa.

Uwar ango kuwa ta riga ta faɗa wa Nirmin, da murmushi da komai, cewa su a gidansu ba a shiga hoton biki da baƙi. Na ji haushin matar, amma gaskiyarta ce. Uwar amarya cikin baƙi, ai mugun fata ne. Na riga na yanke a raina, in Abla ba ta zo ba, zan zauna a gida in ce hawan jinina ya tashi. 'Ya ɗaya na haifa, biki ɗaya zan gani, shi ma ga shi yana neman wuce ni.

"Ni ma jininsa ce," in ji Nirmin. "Na aiko miki, na ce ya isa. Me ya rage?"

"Ke yarinya ce."

"Shekarata talatin da ɗaya!"

"To ki je ki faɗa wa gwaggonki haka."

Ta kashe wayar.

Washegari wata yarinya ta kira. Muryarta irin ta wanda ya faɗi magana ɗaya sau ɗari tun safe, bayanta ana ta hayaniya.

"Madam Afaf? Sunana Basant, ni ce mai zaɓa miki kaya. Kwalin farko 'yarki ce ta cika takardar, yanzu ina so in ji daga bakinki. Jikinki siffar tuffa ne ko siffar kwalba?"

"Siffar buhun shinkafa."

Na ji tana rubutu. Allah kaɗai ya san abin da ta rubuta. Ta tambaye ni inda nake zuwa, na ce kasuwa da asibiti da kabari. Ta tambaye ni launin da ke faranta mini rai, na ce na manta. Daga nan ta ce in buɗe durowar kayana in ɗauki hoto in tura mata. Na tura. Can ta sake kira.

"Madam, hoton bai fito ba, duhu kawai nake gani."

"Ya fito."

"Au," in ji ta. "Ashe ke mai son baƙi ce. Babu komai, akwai irinku da yawa, za mu bi a hankali."

Ban gyara mata ba. Na gaji da bayani, kuma me 'yar zamani za ta gane?

Kwalin ya kwana biyu a kan tebur ina zagaye shi. Ranar Litinin bayan azahar na rufe tagogi, na juya hoton Midhat ya kalli bango, sannan na ji kunyar kaina na juyo da shi. Shekara talatin yana ganina ina sa kaya, yau ne zan ɓoye masa? Na buɗe. Tabɗi! Wando ruwan lemo mai faɗin da za a yi labule da shi. Riga mai kafaɗa kamar ta soja. Wata aba da har yau ban san ta sama ake sa ta ko ta ƙasa ba. Na zage su tas, su da Nirmin da Dubai ɗin gaba ɗaya. Amma duk na gwada, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaki.

Na ƙarshe mayafi ne kawai, ruwan hoda mai duhu. Na yafa na kalli madubi, sai na ga wata mata da na sani da daɗewa. Na manta fuskata tana da jini. Na zauna a bakin gado na yi kuka, ba na Midhat ba, na kaina, kuma na ji daɗin kukan, kuma na ji laifi a kansa.

A cikin kwalin akwai kati. Kowane kaya da gidaje huɗu a gabansa, ki sa alama a dalilin mayarwa: ya yi girma, ya yi kaɗan, launin bai yi ba, yadin bai yi ba. Na bi na sa alama inda biro ya faɗa. Laraba mai babur ya hau hawa biyar ya ɗauka.

Kwali na biyu kuwa, a gaskiya yarinyar ta iya aikinta. Ban san yadda ta yi ba, daga buhun shinkafa da hoton duhu ta fito da doguwar riga shuɗiya wadda ta zauna mini kamar a jikina aka yanka ta. Hannun ya kai inda nake so, wuyan bai tona mini asiri ba. Na ce bari in ɗan zaga falo da ita. Daga zagaya falo na shiga kicin, na ɗora miyar lalo, na dafa shinkafa, takardar kamfanin tana ta sosa mini ƙeya don ba a yarda a cire ba. Har waƙa na kama kaina ina yi.

Sai ƙwanƙwasa ƙofa. Ummu Sayyid ce, matar maigadin bene, ta kawo mini gurasa. Na zari baƙar abaya na zura a kai na buɗe. Ta gaishe ni, idonta na ƙasa. Na bi idon. Shuɗi ya leƙo ta ƙarƙashin abayar, kamar faɗin yatsa uku.

"Masha Allah, Madam," in ji ta. "Allah ya sa alheri."

"Alherin me?"

"Yo ni me na ce? Gurasa na kawo."

Kafin la'asar hawa na biyu sun san ina da manemi. Kafin Juma'a har an ba shi sana'a, wai mai kantin magani ne. Na cire rigar na ninke, na sa alama a gidan "ya yi kaɗan". Da na ga mai babur ya sauka da ita, ji na yi kamar na sallami baƙon da nake so ya kwana.

Na uku ban ma gwada duka ba. Na gaji. Gajiyar ba ta kayan ba ce, ta buɗewa da rufewa ce, da sa rai da cire rai. Kullum na ji motsi a matakala sai in kasa kunne ko takun Abla ne. Kullum mai karɓar kuɗin wuta ne ko yaran maƙwabta. Nirmin kuwa kowace safiya sai ta turo mini adadin kwanakin da suka rage, sai ka ce ban iya ƙirga ba.

Bayan na mayar da na ukun Basant ta kira. Wannan karon babu muryar kamfani.

"Madam Afaf, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Kin ce ya yi kaɗan, na ƙara. Kin ce ya yi girma, na rage. Shuɗiyar nan da hannuna na auna ta, na rantse ta yi miki. Kala goma sha biyar, ko mayafi ba ki riƙe ba. Yau shugabarmu ta kira ni ofis a kanki. Mata ɗari da arba'in nake zaɓa wa kaya, a kan tebur nake cin abincin rana, ke kaɗai ce kika hana ni sakat. Me na yi miki?"

Yarinyar ta ba ni tausayi. Na zauna na faɗa mata komai, Midhat da Suhaj da yadi da kafaɗa da Abla Rauhiyya da jakar cuku. Ban taɓa faɗa wa kowa a jere haka ba. Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Kakata 'yar Asyut ce, maƙwabtan Suhaj," in ji ta. "Da nata aka binne ta, wato har ta mutu ba ta cire ba. Mu muna yara mun zaci haka take so." Ta ja numfashi. "Tanti, to me zai hana a kai wa Abla ɗin kwalin? Ta zaɓi ɗaya ta kawo miki. Wataƙila kasuwar ce take yi mata wahala."

"Kul! Ko da wasa kada ki soma."

"Amma Tanti—"

"Na ce kul. Ba ki san ta ba."

Ta ce to. Ashe to ɗin na baki ne. Daga ajiye wayata ta kira Nirmin, su biyu suka haɗa kai, 'yar Dubai da 'yar kamfani, suka warware matsalar da ta gagari manya. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Suka aika kwali na huɗu Shubra, saura sati uku biki, har da kati mai zanen fure: Hajiya Rauhiyya, zaɓi ɗaya ki kai wa Madam Afaf.

Ni ban san an yi ba. Ranar Talata da tsakar rana ina tsintar wake na ji taku a matakala, mai nauyi, ana hawa uku a tsaya. Na san takun nan. Na buɗe ƙofa tun kafin a buga, na leƙa. Ga Abla Rauhiyya, shekara saba'in da huɗu, gwiwoyi duk sun tafi, ta ɗoro kwali a ka irin ɗaukar matan ƙauyensu, hannu ɗaya a ƙarfen matakala, jakarta a hammata. Ummu Sayyid na biye da ita wai za ta taimaka, Abla ta juya ta yi mata kallo ɗaya, ta koma ƙasa.

Ta shigo ta dire kwalin a tsakiyar falo. Ba ta zauna ba.

"Sannu da zuwa, Abla. Bari in kawo ruwa."

"Riƙe ruwanki. Ni za ki aika wa ɗan babur? Ni? Kamar mai sayen abinci a waya? Zaɓi ɗaya ki kai! Yaushe na zama 'yar aikenki, Afaf?"

"Wallahi Abla ban san—"

"Rufe mini baki. Duk Shubra sun ga an kawo mini kwali da ƙyalle kamar amarya. Na ji labarin shuɗiyar rigarki ma, kada ki zaci bai iso ni ba. Ƙanena ko ruɓewa bai gama ba kina rawa a kicin. Dama na faɗa wa mahaifiyarmu tun farko, 'yar birni ba ta san mutuwa ba."

Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Na tsaya ina ji, kamar yadda na saba shekara talatin. Amma da ta ce ban san mutuwa ba, wani abu ya tsinke mini.

"Ni ce ban san mutuwa ba? Wa ya yi wata tara yana juya shi a gado? Wa ya riƙa share masa baki? Shekara uku da rabi, Abla! Matar ɗan baffanku shekara ɗaya ta yi kika je har Giza kika cire mata. Ni me na yi miki? Kullum ki zo mini da cuku, cuku, cuku, na ce miki yunwa nake ji? 'Yata za ta yi aure in zauna a gida kamar wadda aka kora. In so kike in mutu a cikin baƙin nan ki faɗa mini yau in huta da sauraren matakala!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na jira ta tsine mini ta fita.

Sai ta nemi kujera ta zauna. Ta daɗe tana kallon hoton Midhat. Sannan ta ɗora jakar a cinya, ta fitar da cukun ta ajiye a tebur, don ko ranar ma ta riƙo shi. Ta fitar da gurasar. Ta sake zura hannu can ƙasan jakar, ta zaro wani ƙunshi a tsohuwar jarida da ta yi laushi don yawan taɓawa. Ta warware. Yadi ne kore, kalar ganyen rake, mai kyau ƙwarai. Inda aka ninke shi ya ɗan koɗe, ya yi fari-fari.

"Ranar da ya cika shekara na saya," in ji ta. "A wurin Ba'armeniyen nan mai kantin yadi na bakin kasuwa. Duk zuwan da na yi gidan nan yana cikin jakar."

Da ƙyar na ce, "To me ya hana?"

"Nakan ce yau zan ba ta. In hau matakalar nan ina faɗa. Sai ki buɗe ƙofa in gan ki kamar ni, mu tafi kabari mu biyu, mu dawo mu biyu." Ta shafa yadin. "Kin san shekara nawa nake cikin nawa?"

Ban sani ba. Wallahi ban taɓa tambayar kaina ba. Ni har na manta na taɓa ganinta da wani launi.

"Ashirin da biyu. Na sa wa mahaifiyarmu. Gwaggonmu Nafisa ta aiko cewa za ta zo ta cire mini bayan girbin rake, ta mutu kafin girbi. Ina cikin wannan mijina ya bi, uwarsa da yayyensa duk sun riga shi. Sannan Midhat. Na duba sama da ni, babu kowa, Afaf. Ke kina da wadda kike saurare a matakala. Ni wa zan saurara? In na cire miki, ni kaɗai na rage." Ta share hanci da gefen mayafi. "Son kai ne, na sani. Ba sai kin faɗa mini ba."

Duk fushin nan na shekara biyu na neme shi na rasa. Kunya ce ta rufe ni. Ina ta leƙen jakarta, ban taɓa kallon rigar da ke jikinta ba.

Ta dafa tebur ta miƙe, gwiwoyin suna ƙara. "Matso nan."

"Abla, bari—"

"Matso, na ce, kafin in fasa."

Na matsa. Ta warware yadin ta ɗora mini a kafaɗar dama, ta danna da tafin hannunta.

"Ya isa haka, 'yar mutane. Kin yi masa. Allah ya jiƙan wanda ya tafi, ya raya waɗanda suka rage."

Na rungume ta ina kuka, ta bar ni kaɗan, sannan ta ture ni ta ce zan ɓata yadin da majina. Na durƙusa na yage ɗaurin kwalin Basant. Shuɗiyar rigar nan ce a sama, yarinyar ta sake sako ta. A ƙarƙashi akwai babban mayafi ruwan ƙasa, mai kauri, irin na manya. Na ɗauko shi na nufi kafaɗarta. Ta riƙe mini hannu, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ke? Ke da na sa wa lalle ranar aurenki? Ƙarami ba ya cire wa babba."

"Wa zai sani, Abla?"

"Ni."

Ta ɗauki jakarta, wadda yanzu babu komai a ciki, ta ce in sa cukun a firji kada ya lalace. Na raka ta matakala. Ta sauka tana hawa uku tana tsayawa, ba ta waiwayo ba.

Tela ya yi ta mita a kan koɗewar yadin, ya yanka ya kauce iya yinsa, amma wani siririn farin layi ya rage a hannun hagu. Na ce ya bar shi. Na je bikin 'yata da kore. Nirmin ta gan ni ta fashe da kuka har sai da aka sake mata kwalliya. Uwar ango ta ce na koma yarinya, na ce mata na gode, a raina na ce ke kuma kin koma tukunya. Abla ta zo, ta zauna a teburin ƙarshe kusa da ƙofa. Da aka kira dangi hoto na je na kamo hannunta, ta ce ƙafarta na ciwo. Hoton na nan a falona, mutum ashirin da shida, babu ko ɗaya daga gidan su Midhat sai 'yarsa.

Bayan biki Basant ta kira, ta ba ni haƙuri a kan abin da suka yi, ta ce ko za a rufe rajistar tun da buƙata ta biya. Na riƙe shuɗiyar, don haka shugabarta ta sarara mata. Na ce kada ta rufe. Na ce ta canja awo, ta ƙara faɗi a ƙugu, ta rage tsawo, hannu har wuyan hannu, launi mai nutsuwa. Ba ta tambaye ni na wa ba. Ta ce, "To, Tanti."

Yanzu duk wata kwali na zuwa, mai babur ya hau hawa biyar yana haki, ni kuma in sauka da shi hawa biyar in shiga jirgi zuwa Shubra. Nirmin ta ce wahalar banza nake. Wataƙila. Abla takan tarbe ni da zagi, ta ce ba ni da aikin yi, ta ɗora shayi. Sai mun sha sannan ta jawo kwalin da ƙafa, wai bari ta ga shirmen da suka sako. Ta ɗaga kowanne ta murza, ta faɗi aibinsa. Wannan roba ce. Wannan wanki ɗaya zai zuba. Wannan sai karuwa. Ba na ɗora mata a kafaɗa, na yi alkawari. In ninke in dawo da shi, Laraba a zo a ɗauka.

Watan jiya akwai wata riga shuɗiya mai duhu, da ƙananan furanni a bakin hannu. Ta murza ta, ba ta samo mata aibi ba. Ta tashi ta kai ta bakin taga, ta ɗora hannun rigar a kan nata hannun, ta tsaya tana kallo har shayina ya huce. Sannan ta ninke ta daidai yadda aka ninko ta, ta sa a kwali, ta rufe.

"Mayar musu."

Na ɗauko katin da biro. "Me zan ce musu? Ta yi girma ko ta yi kaɗan?"

"Ki ce ta yi daidai," in ji ta. "Mai kawo mini ce babu."

Na duba katin. Gidaje huɗu ne, babu na wannan. Na mayar da shi ba alama, na ɗauki kwalin na sauko.